Ka Cire, Amma Me Ka Adana? Tarihin Wata Tsohuwar Rigima a Duniyar Kwamfuta

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ɗan ƙaramin aiki da duk mai koyon rubuta manhaja yake cin karo da shi tun a makonninsa na farko, wato cire abu daga cikin jeri, sannan a adana abin da ya rage. Kamar wasa, ko? To ku biyo ni, domin wannan ɗan aikin ya raba kan manyan masana kwamfuta sama da shekara 60, kuma har gobe yana cinye wa mutane bayanai.

Ga waɗanda ba su shiga harkar ba tukuna, jeri shi ne inda ake ajiye bayanai da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kowanne da lambar gurbinsa. Sunayen da ke cikin wayarka jeri ne. Kayan da ka zaɓa a manhajar sayayya jeri ne. A yaren JavaScript ana rubuta sunansa Array, a Python kuma list ne ya fi kusa da shi.

Bari in ba ku misalin da zai raka mu har ƙarshen shirin. A ce muna da jeri mai suna kaya, a cikinsa akwai shinkafa, gero, dawa da wake. Yawancin yarukan yau daga sifili suke fara ƙirga, don haka shinkafa tana gurbi na 0, gero yana na 1. Muna so mu cire gero. Sai ɗalibi ya rubuta a JavaScript:

kaya = kaya.splice(1, 1)

Yana zaton zai ga shinkafa, dawa da wake. Da ya duba, sai ya tarar gero kaɗai ya rage masa. Abin da ya so ya jefar shi ya adana, abin da ya so ya adana kuma ya jefar. In a Python ne ya rubuta:

kaya = kaya.remove("gero")

to abin ya fi muni. Ba gero, ba shinkafa, ba komai. None zai gani, wato babu. Ku ɗauka wannan jerin sunayen masu bin bashi ne a manhajar wani ɗan kasuwa, kuma layi na gaba shi ne wanda ke rubuta jerin a ma'adana ta dindindin. An gama.

Me ya sa yare biyu, aiki ɗaya, amma kowanne da irin tarkonsa? Amsar tana cikin tarihi, kuma dole mu koma 1957.

A shekarar ne kamfanin IBM na Amurka ya fitar da Fortran, yaren da John Backus ya jagoranci ƙirƙirarsa domin wata kwamfuta mai suna IBM 704. Ƙaramar ƙwaƙwalwar wannan na'ura tana ɗaukar gurabe 4,096 ne, kowanne mai bit 36. In ka lissafa, kusan kilobait 18 ke nan. Wayar da ke hannunka in tana da gigabait 4, ta ninka wancan sama da sau dubu 200. A irin wannan matsi, babu mai tunanin kwafe jeri guda don kawai zai cire abu ɗaya.

A Fortran tun farko kake faɗin girman jerinka da umarnin DIMENSION. In ka ce gurbi 100, to 100 ne har shirin ya ƙare, ba ƙari ba ragi. Kamar jeren shaguna ne a kasuwa, an gina su manne da juna. Ba ka iya ɗauke shago na biyu ka bar na ɗaya da na uku su haɗu. Abin da za ka yi shi ne ka ce mai shago na uku ya koma na biyu, mai na huɗu ya koma na uku, haka har ƙarshe, sannan ka rage ɗaya a lissafin da kake riƙe da shi na yawan masu shago. Da hannunka kake rubuta wannan duka. Shi ya sa a wancan zamani tambayar "me umarnin cirewa yake dawo da shi" ba ta ma taso ba, don babu umarnin.

Kuma ku lura, wannan matsawar tana nan har yau, ɓoye ta kawai aka yi. In kana da jeri mai abu miliyan ɗaya ka cire na farko ta hanya mai sauƙi, abubuwa 999,999 ne za su matsa gurbi ɗaya-ɗaya. Shi ya sa masu rubuta wasannin kwamfuta suke da wata dabara: in tsarin jerin bai dame su ba, sai su ɗauko na ƙarshe su ɗora a gurbin wanda aka cire, su rage tsawon da ɗaya. Motsi ɗaya maimakon kusan miliyan.

To a 1958, a jami'ar MIT, John McCarthy ya fara wani yare mai suna Lisp, kuma a kan irin wannan IBM 704 ɗin aka fara gudanar da shi. McCarthy ya bi wata hanya dabam. Maimakon shaguna manne da juna, sai ya yi abin da zan kira ayarin raƙuma. Kowane raƙumi yana ɗauke da kayansa, kuma da igiya da ta ɗaure shi da na bayansa. Kai kuma igiyar na gaba kaɗai kake riƙe da ita. Sunayen umarnin da ake duba kayan da igiyar, wato car da cdr, daga sassan gurbin ƙwaƙwalwar IBM 704 aka samo su, kuma har yau masu Lisp da su suke aiki.

A ayari cire raƙumi daga tsakiya abu ne mai sauƙi. Ka kwance igiyar na gabansa ka ɗaura wa na bayansa, shi ke nan, ba wanda ya matsa. Amma nan wata sabuwar matsala ta ɓullo. A Lisp sunaye biyu suna iya riƙe ayari ɗaya. In ka kwance igiya a naka, ka canza wa ɗayan nasa bai sani ba. Saboda haka aka sami hanya biyu: ko ka taɓa ayarin asali, wanda yake da sauri amma da haɗari, ko ka haɗa sabon ayari wanda babu raƙumin da ba ka so, ka bar tsohon yadda yake. Hanya ta biyu tana barin tsofaffin gurabe birjik a ƙwaƙwalwa, ba mai amfani da su. Maganin da McCarthy ya kawo shi ne kwamfutar ta riƙa bi da kanta tana kwashe wannan shara, kuma ya bayyana tsarin a takardarsa ta 1960. Wannan kwashe sharar da Java da JavaScript da sauransu suke yi maka yau ba ka sani ba, daga can ya samo asali.

Da aka zo daidaita yaren a matsayin Common Lisp, wanda Guy Steele ya fitar da littafinsa a 1984, hanyoyin biyu kowacce da sunanta. Umarnin remove yana ba ka sakamako ba tare da ya taɓa jerin asali ba. Umarnin delete kuma an ba shi izinin ya lalata na asali. Ga inda abin yake da daɗi. Ko da delete ka yi amfani, dole ne ka karɓi abin da ya dawo maka da shi ka adana a sunan. Me ya sa? Ku tuna igiyar raƙumin gaba kake riƙe da ita. In shi ne aka ce a cire, babu wata igiya a gabansa da za a kwance. Sai delete ya miƙo maka igiyar na biyu ya ce ga sabon jagora. In ba ka karɓa ba, kana nan riƙe da tsohon, kamar ba a cire komai ba. Wato a Lisp kuskuren shi ne ƙin adana sakamako, a Python kuma kuskuren shi ne adana shi. Kun ga inda ruɗanin ya faro.

A daidai wannan zamani wani ɗan Kanada, Kenneth Iverson, yana kallon abin ta wata fuska. A 1962 ya fitar da littafin da yaren APL ya samo sunansa daga gare shi, kuma a IBM aka mayar da shi yaren da ke aiki a kan na'ura a tsakiyar shekarun 1960. Shi Iverson bai ce "cire wannan" ba, cewa ya yi "zaɓi waɗannan". Ka kawo jerin 1 da 0 mai tsawo daidai da jerinka, duk inda aka sa 1 a riƙe, inda aka sa 0 a bari. A misalinmu 1 0 1 1 zai ba ka shinkafa, dawa da wake a sabon jeri. Kamar rariya ce, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Duk wanda ya taɓa tace bayanai da NumPy ko pandas ta hanyar sharaɗi, a gonar Iverson yake noma.

Abin mamakin shi ne, a 1977 da aka ba Backus lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fannin, sai ya yi amfani da jawabinsa ya soki salon da shi kansa ya taimaka aka kafa, wato salon canza gurabe ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi a koma ga haɗa ayyukan da ke karɓar bayani su fitar da sabo. Mai Fortran da kansa ke nan ya tsallaka ɗaya ɓangaren.

Amma masu neman sauri ba su saki layinsu ba. A 1994 kwamitin daidaita yaren C++ ya karɓi tarin kayan aikin da Alexander Stepanov, haifaffen Mosko, ya tsara tare da Meng Lee a kamfanin Hewlett-Packard. A ciki akwai wani umarni mai suna remove wanda, ku ji da kyau, ba ya rage tsawon jeri ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya tura abubuwan da za a riƙe zuwa gaba, sannan ya dawo maka da manuni da ke cewa daga nan zuwa ƙarshe ba su da amfani. Kai ne za ka ɗauki wannan manunin ka ba wani umarni mai suna erase ya yanke jelar. In ka manta, jerinka yana nan da tsawonsa, da tarkace a ƙarshe. Akwai dalili: an tsara remove ne ya yi aiki a kan kowane irin mazubi ba tare da ya san yadda aka gina shi ba, don haka ba shi da ikon rage shi. Sai a C++20 aka kawo umarni guda da ke yin duka biyun a kan irin waɗannan mazubai.

Yanzu mu zo kan splice ɗin da ya cinye mana shinkafa. Asalin kalmar a Turanci tana nufin haɗa bakin igiya biyu, ko yanke faifan fim a sake manne shi. Yaren Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, yana da umarni mai wannan suna: yana yanka a cikin jerin asali, ya miƙo maka abin da ya yanko. Brendan Eich ya rubuta JavaScript na farko cikin kimanin kwana 10 a watan Mayun 1995 a kamfanin Netscape, kuma da aka faɗaɗa yaren a sigar 1.2 a 1997, sai aka aro splice da 'yan uwansa irin su push da pop da shift daga salon Perl. An tabbatar da shi a ƙa'idar yaren ta 1999. Idan ka kalle shi da idon mahauci, babu laifi a tsarinsa. Ka ce a yankar maka tsoka, an yanka an miƙo maka, sauran naman yana kan tebur. Matsalar ita ce ɗalibinmu ya karɓi tsokar ya ɗora ta a madadin saniyar gaba ɗaya.

Sai kuma aka yi rashin sa'a akwai wani umarnin mai suna slice, bambancinsu harafi ɗaya. Shi slice kwafe wani yanki yake yi, ba ya taɓa na asali. Akwai kuma delete na JavaScript, wanda in ka yi amfani da shi a kan jeri, yana cire abin ne ya bar rami a gurbin, tsawon bai canza ba. Rariyar Iverson kuwa, wato filter, sai a 2005 ta shigo burauzar Firefox, ta zama ƙa'ida ga kowa a 2009.

Shi kuma Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Python a 1991, da gangan ya sa irin su remove da sort da reverse su dawo da None. Tunaninsa shi ne, in umarni ya canza abu a wurinsa kuma ya dawo da shi, mutum zai zaci sabon kwafi ya samu. Gara ya dawo da babu, shirin ya fashe da wuri, mutum ya gane. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da Bertrand Meyer, mai yaren Eiffel, ya yaɗa: umarni ko dai ya yi aiki, ko ya amsa tambaya, kada ya haɗa biyun. Duk da haka Python bai bi ta ɗari bisa ɗari ba, don pop yana cirewa kuma yana miƙo maka abin da ya cire. Ga mai son sabon jeri, filter yana nan tun 1994, a shekarar 2000 kuma aka kawo hanyar rubuta jeri da sharaɗi a layi ɗaya, sai sorted a 2004. Wani abin lura, remove na Python na farkon da ya gamu da shi kaɗai yake cirewa. In gero biyu ne a jerin, ɗaya yana nan.

Ni dai a ganina waɗanda suka fi kyauta wa mai koyo su ne masu sa alama a jikin suna. Yaren Scheme na 1975 ya saba sa alamar motsin rai a ƙarshen sunan umarnin da ke canza abu. Yukihiro Matsumoto na Japan ya ɗauki irin wannan a Ruby a 1995. A can reject yana ba ka sabon jeri, reject mai alamar motsin rai kuma yana taɓa na asali. Amma ko shi da nasa tarkon, domin in bai sami abin cirewa ba, nil yake dawowa da shi, wato babu.

Akwai wani ramin da kusan duk yarukan suka yi tarayya a kai: cirewa alhali kana zagaya jerin. A ce kana da 5, 5, 10 a Python, kana bi ɗaya-ɗaya kana cire duk 5. Ka cire na farko, sai na biyu ya matso gurbi na 0, kai kuma ka riga ka wuce zuwa gurbi na 1. Ka tsallake shi, sakamakonka 5 da 10, kuma babu wani gargaɗi. Tsohuwar matsawar shagunan Fortran ce take aiki a ƙarƙashi. Masu Java, a tsarin da suka kawo a 1998, sun zaɓi shirin ya yi ihu ya tsaya in ya gano an taɓa jeri ana tsakar zagaye, sannan a 2014 suka ƙara removeIf don a yi aikin cikin aminci.

To wa ya yi nasara? A 'yan shekarun nan iska ta kaɗa wajen masu sabon kwafi. Ƙwaƙwalwa ta yi araha, manhajoji kuma sun yi girma, sassa da yawa suna kallon jeri ɗaya. Da Facebook ya saki React ga kowa a 2013, wannan salon ya bazu cikin matasan masu gina shafukan intanet. A yadda ake rubuta React yau, yana duba ne ko jerin da ka ba shi sabo ne ko tsohon ne. In ka yi splice a kan tsohon ka mayar masa, zai ga ai shi ne dai, ya ƙi sabunta fuskar shafin. Bayanan sun canza, amma mai amfani yana ganin gero a kwandonsa.

Za ku ce to me ya hana a gyara splice ɗin? Ba ya gyaruwa. Miliyoyin shafuka sun dogara da halinsa, in aka canza za su lalace. Abin ya kai ko sabon suna sai an yi taka-tsantsan. An so a ƙara wa jeri umarni mai suna contains, sai aka gano zai karya shafukan da ke amfani da wani tsohon kayan aiki mai suna MooTools, dole aka koma includes. Shi ya sa a 2023 aka bar splice yadda yake, aka kawo masa ƙane mai suna toSpliced, tare da toSorted da toReversed. In ɗalibinmu ya rubuta kaya = kaya.toSpliced(1, 1) yau, zai sami shinkafa, dawa da wake, daidai abin da ya zata tun farko. Kusan shekara 26 ke nan tsakanin yayan da ƙanen.

Ban ce hanyar canza jeri a wurinsa ta mutu ba. A ƙananan na'urori, da wasanni, da duk inda kowane bait yake da daraja, ita ce sarauniya har yanzu. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, sunan umarni ba ya isa shaida. Kalmar remove a Lisp sabon jeri take bayarwa, a Python babu take bayarwa, a C++ manuni take bayarwa. Kafin ka sa alamar daidai a gaban kowane umarnin cirewa, ka nemi amsar abu uku a takardun yaren: yana taɓa jerin asali? Me yake dawowa da shi, abin da ya rage, ko abin da aka cire, ko babu? Kuma akwai wani sashen manhajar da ke riƙe da wannan jerin? Sannan ka gwada da jeri mai abu huɗu ka buga sakamakon ka gani da idonka, kafin ka sake shi a kan bayanan mutane.

A nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mana yaren da kuke koyo da kuma umarnin da ya fi ruɗa ku a ciki, za mu duba tarihinsa a wani shirin. Ku tura wa abokin da ya fara koyon rubuta manhaja. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.